Muna ta surutu a Twitter har aka rufe rajista

Har yau idan na tuna 31 ga Yulin 2022 sai raina ya sosu. Ranar ce hukumar zaɓe ta INEC ta rufe rajistar masu zaɓe, ta bar mu, ɗalibai mata tara na Jami'ar Jos, da tarin hotuna masu kyau a waya da kuma kunya.

Abin ya samo asali ne a watan Maris, lokacin da Majalisar Tarayya ta yi fatali da ƙudurori biyar da suka shafi mata, har da na ware musu kujeru a majalisa. Mata suka yi zaman dirshan a ƙofar majalisa a Abuja. Mu kuwa muna gida, ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU na yajin aiki tun Fabrairu, ba lakca ba jarrabawa. Sai muka buɗe shafuka a Twitter da Instagram, muna rubutu da Turanci kan kashi 35 cikin 100 na muƙamai da ake nema wa mata. Duk daren Juma'a muna zaman tattaunawa, ana ta yaba mana. Wata huɗu cur muka yi a haka, kuma ko sau ɗaya ba mu tambayi wata mace ba ko tana da katin zaɓe.

Kwana kaɗan bayan rufe rajistar na je taya gwaggona zama a kasuwar Farin Gada, inda take sayar da kayan miya. Cikin hira na ce, "Gwaggo, wa za ki zaɓa?" Ta ce, "Da wane kati, 'yar nan? Nawa na Bukuru ne, tun da muka dawo Unguwar Rogo ban san yadda ake mayar da shi ba." Na ce ai an rufe. Ta dube ni ta ce, "Ke da kike boko, kullum kina kan waya, ba ki faɗa mini ba?"

Ban iya ba ta amsa ba. Ƙanwar mahaifina ce, gidanmu da nasu tafiyar ƙafa ce. Na zagaya rumfunan maƙwabtanta ina tambaya: wata katinta ya ɓata, wata 'yarta ta cika shekara 18 ba ta yi rajista ba. Duk matsalolin da za a iya gyarawa a watan Yuni ne. Kuma babu wadda ta ambaci kashi 35. Kuɗin haihuwa a asibiti, ruwan famfo da kuɗin makarantar yara, su ne a bakinsu.

Daga nan muka koma WhatsApp. Saƙon murya da Hausa, bai kai minti ɗaya ba, mu tura wa malamar Islamiyya ko uwar adashi, ita ta saka a zaurensu, domin muryarta suka yarda da ita. Waɗanda suka yi rajista ba su karɓi kati ba muka sa a gaba, muka ci sa'a aka tsawaita karɓa zuwa 5 ga Fabrairun 2023. Lokacin ana tsananin ƙarancin takardun naira, kuɗin keke ma ya zama aiki, sai da muka riƙa haɗa mata uku uku muna tura wa mai keke kuɗinsa ta waya. Wanda zai yi irin wannan aiki, kada sunan ɗan takara ya fito daga bakinsa, nan take za a ce an biya shi. Kuma a gaisa da maigida tukuna, fitar ta fi sauƙi.

Na yi alfahari da matan da muka raka, Allah ya sani. Amma duk wadda na ga ta riƙe katinta sai na tuna waɗanda muka bari a baya muna can muna Turanci. Ranar zaɓe, 25 ga Fabrairu, Gwaggo tana gida tana sauraron rediyo. Da sakamako ya fito, mata uku kacal aka bayyana sun ci kujerar sanata cikin 109.

Da INEC ta sake buɗe rajista a Agustan 2025, tun da sassafe na je na ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ta ɗauko tsohon katin daga ƙasan akwati, ta ƙulle shi a bakin zane, muka fita neman keke.