Bangon kaye daga buhun madara da ragowar atamfa

Jiya da la'asar wata Hajiya ta shigo shago ta ɗauki kaye guda, wato littafin rubutu, cikin waɗanda na jera bisa tebur, ta juya shi ta shafa bangon, ta buɗe ta rufe, sannan ta ce Malam wanga daga Dubai kuke kawo shi? Na ce ranki ya daɗe, wanga bango da kike shafawa kwalin shayi ne da buhun madarar gari, atamfar da ke sama kuma ragowar ɗinkin sallah ce daga wajen wani tela nan unguwar Zariya cikin Maraɗi. Sai ta aje shi a hankali ta ce to ashe shara ce, ai sai ka rage mini kuɗi. Wallahi wagga magana na ji ta ya fi sau ɗari, kuma har yau in anka faɗa sai na ji ta har cikin raina.

Aikinmu shi ne ɗinka kaye da rajista, na 'yan lakwal, na 'yan kasuwa masu rubuta bashi, na mata masu adashi, da na ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke son abin da zai kai su ƙarshen shekara bai wargaje ba. Takardar ciki sabuwa ce, ba na ɓoye ma kowa, ram muke saye mai fallaye 500 mu ninke mu yanke. Amma bango dai kam kusan duk abin da ke jikinshi wani ne ya gama da shi ya yar.

Kuma ba kowane kwali ke yin bango ba, nan ne masu kwaikwayo ke faɗuwa. Katon ɗin taliya ko na sabulu mai rami-rami a tsakiya, wanga in ka danna shi da yatsa sai ya lotsa, yaro ya zauna bisa jakarshi sau biyu shikenan ya zama tabarma. Mu siririn kwali mai tauri muke nema, irin na fakitin shayi da na takalma, mu haɗa biyu ko uku mu manne su zama allo guda. Sannan a lulluɓe da takardar buhun madara na kilo 25, waccan mai ruwan ƙasa, wadda in ka kama da hannu biyu kana ja sai ka yi da gaske kafin ta yage. Ledar da ke ciki mu cire, fallen da ya sha maiƙo mu yar, na tsakiya shi ne zinariya. Da can har buhun siminti muna amfani da shi, yanzu yawanci na roba ake kawowa, kuma ko na takardar ka samu ƙurar na cin hannu.

Wajen wani tsoho na koyi aikin, Allah ya jiƙan shi, Baba muke ce mishi. Shi asalinshi gyaran littattafan malamai yake, tadarishi da gafaka, daga baya ya shiga ɗinka rajista. Na fi shekara guda a wajenshi bai bari na taɓa wuƙa ba, aikina dama gam kawai. Garin rogo za ka tankaɗe ka dama da ruwan sanyi, ka aza bisa wuta kaɗan-kaɗan kana juyawa har ya yi sheƙi kamar kamu ya nuna, in ya yi gudaji ko ɗaya sai ya ce je ka ba awaki ka sake. Ni ko lokacin gani nake wahalar da ni kawai yake.

Ranar da ba ni mantawa, anka kawo aikin rajista 40 cikin damina, Baba ya tafi jana'iza ƙauye, ni kuma na ce yau zan nuna mishi na iya. Na yanke kwali yadda ya zo mini don kar a yi asara, na manne na jera. Da gari ya waye duk bangon sun lanƙwashe sun yi baka kamar ƙwaryar da anka kife, ko rufuwa ba su yi. Da ya dawo bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ɗauki takarda guda ya ce yaga ta tsaye, na yaga ta tafi santal, ya ce yaga ta kwance, ta tafi a karkace. Ya ce to ka gani, takarda ma tana da hanyarta kamar itace, in hanyar ba ta bi tsawon ƙashin bayan littafi ba, ruwan gam na shiga sai ta murɗe. Kwana uku na yi ina ɓare aikin nan ina sakewa. Yanzu ko ido rufe na lanƙwasa kwali tsakanin hannuwana na san inda ya nufa.

Gam ɗin rogo yana da aibi guda, gara da kyankyaso na son shi kamar me. Shi ya sa nake gauraya shi da farin gam na kafintoci, kuma cikin sito ina zuba busasshen ganyen dogon yaro tsakanin kaya. In mun manne sai matsi. Injin matsinmu katako biyu ne masu kauri cikin firam na ƙarfe da jak ɗin mota, wani mai walda ya haɗa mini, kaye zai kwana ciki sannan ya sha iska a inuwa. Ba a shanya shi a rana, balle lokacin hunturu da iska ke busar da gefe guda ta bar guda. Ɗinki kuma da hannu ne, basilla da zare mai ƙarfi da anka goga ma kakin zuma, ba ƙusar maɗinki biyu da ke tsatsa ta ci takarda ba.

Wanda na fi alfahari da shi shi ne mai fata. Wajen dukawa nake sayen guntayen da sunka rage in sun yanka takalma da jakunkuna, in fere su su yi siriri, in sa a ƙashin baya da kusurwa huɗu, don nan ne littafi ke fara mutuwa. Fatar jar akuyar Maraɗi ce fa, jimar bagaruwa, irin wadda tun da daɗewa masu ɗaure littattafai a Turai ke nema saboda laushinta da ƙarkonta. Mu da akuyar ke kwana a gidajenmu sai mu koma muna rububin bangon roba mai hoton ɗan ƙwallo wanda zafin watan Afrilu kaɗai ke sa shi ya ɗaye.

Gaskiya da can ni ma ina sayen kwalin bango sabo daga Kano. Da anka rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023 hanyar Dan Isa da Jibiya ta tsaya, kaya sunka yi wuya, sai na koma ma abin da Baba ya koya mini gaba ɗaya, kuma ko da anka buɗe ban koma ba. Ita ko leda tun 2014 akwai dokar da ta hana ta a ƙasar nan, amma fita bayan gari ka ga yadda ta yi ma itatuwa ado, dabbobi na ci suna kumbura. Ni dai ban sa ta a bangona.

Masu kawo mini kaya kuma wani ciwon kai ne. Ka ce ma yaro busasshen buhu nake so, sai ya tsinto wanda ya kwana cikin ruwa ya shanya ya cusa a tsakiyar ɗauri, sai ka kwance ka ji warin ruma. Ga masu kwaikwayo, sun ga atamfa a bango sun ɗauka shi ke nan sirrin, su manna ƙyalle bisa katon ɗin taliya su saida rabin kuɗi, in ya ɓare bayan sati biyu a ce ai kayen 'yan Maraɗi ba shi da ƙarko. Har shago wani ya taɓa kawo mini irin nasu yana faɗa, na buɗe mishi nawa na nuna mishi zaren a tsakiya, nashi ko ƙusa ce.

Hajiyar jiya dai ban rage mata ko dala ba. Na ɗauko tsohuwar rajistar shagon nan da na ɗinka shekara shida da sunka wuce na miƙa mata, fatar ta yi baƙi don shan hannu amma ko falle ɗaya bai fita ba. Ta ɗauki uku, ta ce in yi mata guda da ragowar leshin bikin ɗiyarta, za ta aiko da shi ran Juma'a. Masu makarantu kuma don Allah a kawo aiki tun cikin Agusta, kar a jira Oktoba ta kama a zo ana cewa gobe ake so, gam ba ya bushewa don ana sauri.