Buhun da ya gagare ni a Dawanau

Ranar da na fara shiga kasuwar Dawanau da rikoda, shadda na sa mai maiƙo, har da hula zanna. Ashe na yi wa kaina. 'Yan dako suka ɗauka mai karɓar haraji ne. Duk wanda na tambaya yadda ake raba musu aiki sai ya ce, "Lafiya lau, yallaɓai." Sati biyu cur ina tara lafiya lau.

Binciken digirina na biyu a kan shugabanci ne a inda babu ofis babu takarda, kuma ban ga inda ya fi wannan kasuwa ta kan hanyar Katsina ba, wadda tun 1985 ake hada-hadar hatsi a cikinta, ana lodi zuwa Nijar da Chadi da Kamaru.

Da na koma tsohuwar riga da silifa, sai shugabansu, wani dattijo mai furfura da suke kira Baba, ya dube ni ya ce, "Malam, in so kake ka sani, juyo bayanka." Mutum biyu suka ɗaga buhun dawa mai kilo 100 suka aza mini. Taku huɗu na yi gwiwa ta ce ba da ita ba. Aka yi ta dariya, har wani yaro yana riƙe ciki. Ƙaiƙayin dawa kuwa da ya shige mini wuya, kwana na yi ina susa.

A nan na gane abin da hira ba ta ba ni ba. Da ina ganin son kai ne da Baba yake barin sa'anninsa a kan ƙirga da ɗinkin bakin buhu, samari na hawa katakon lodin mota. Ashe ƙugun kowa yake aunawa. Wanda tafiyarsa ta karkace, tun kafin ya buɗe baki Baba zai ce masa, "Kai, je ka sha ruwa." Ba a faɗa mini wannan ba saboda su ba sa lissafa shi cikin abin faɗa.

Na rubuta duka a babi na uku, har da ciwon baya. Mai duba aikina ya ja jan biro ya ce wannan labari ne, ba hujja ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, to wace na'ura ce ta ɗauko mini bayanin in ba bayan nan ba?" Shafi biyu ya bar mini cikin bakwai, ya ce sauran in kai rataye, wato ƙarin bayani na ƙarshen kundi.