Hoton da ke bangon mai gyaran waya

Jiya na kai wayata gyara Farm Centre, gilashinta ya tsage. Ina zaune a benci sai na hangi hoton Steve Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Apple, manne a bango, da baƙar rigar nan tasa mai dogon wuya. Na tambayi mai shagon, ya ce: "Yallaɓai, ba don wannan bawan Allah ba da yanzu ina talla."

Bakina bai yi shiru ba. Na ce ya san mutumin nan ya yi shekaru yana musun cewa shi ne uban 'yarsa Lisa, wadda aka haifa a 1978, har bayan gwajin jini ya nuna shi ne? Ya ɗago kai daga kan wayar, ya ce shi ba surukinsa ba ne, aikinsa yake kallo.

Maganar ta bi ni har gida. Gaskiya mutumin ya yi aiki. An ture shi daga Apple a 1985, ya dawo a 1997 kamfanin na gab da durƙushewa, ya fito da iPhone a 2007. Amma kwamfutar Apple ta farko Steve Wozniak ne ya haɗa ta da hannunsa, kuma ban taɓa ganin hotonsa a shago ba. Dennis Ritchie kuwa, wanda ya ƙirƙiri harshen C da ake rubuta manhajojin kwamfuta da shi, ya rasu kwanaki kaɗan bayan Jobs a Oktoban 2011, ba a yi masa wata hayaniya ba.

Ni dai har yanzu batun yarinyar nan ne ke tsaya mini a rai. Wayar kuwa ta gyaru tsaf.