Farautar faifan tango a Buenos Aires

Jirgin da ya ɗauko mu daga Addis Ababa ya yada zango a Sao Paulo, sannan ya ajiye mu a filin Ezeiza da daddare. Watan Agusta ne, tsakiyar hunturun Ajantina, kuma watan da birnin Buenos Aires ke yin bikin tango, wato sanannen kiɗa da rawar ƙasar, da gasar rawa ta duniya. Ni ba rawa ta kai ni ba. Faifan garmaho na je nema, na ƙungiyoyin makaɗan da suka riƙe Buenos Aires daga 1935 zuwa wajen 1955.

Ran Lahadi na fara da kasuwar San Telmo, wadda ke bin titin Defensa har dandalin Dorrego. Akwai faifai, amma farashin baƙi ne, wasu ma don ado ake sayar da su. Inda na yi ciniki na gaskiya shi ne Parque Rivadavia a unguwar Caballito. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin A ke kai mutum, a sauka a tashar Acoyte. Littattafai da mujallu ne a saman tebura. Sai ka ce "discos de pasta" kafin a jawo maka kwali daga ƙasa, don sunan da suke kiran faifan mai juyi 78 a minti ke nan.

Faɗin faifan inci 10 ne, nauyinsa kusan giram 200, kuma da shalak aka yi shi, wani ƙaro da ƙwari ke fitarwa a itatuwan Indiya. Ba ya lanƙwasa kamar na roba, fashewa yake kamar tangaran. Kafin ka biya, sa yatsa a ramin tsakiya ka ɗan ƙwanƙwasa bakinsa da farce. Lafiyayye zai yi amo, mai tsaga kuwa sai ka ji "dup", ko da ido bai ga tsagar ba. Sannan ka karkata shi ga rana. Idan layukan sun yi baƙi wulik suna ƙyalli, madalla. Idan sun yi toka-toka, allurar ƙarfe ta cinye su. Ita wannan allura gefe ɗaya aka yi ta ta juya a jefar, masu tsimi kuwa sai su yi gefe ashirin da ita. Takardar tsakiya tana faɗa maka kamfani (Victor da Odeon ne manya), da irin kiɗan, ko tango ne ko bals ko milonga, da wanda ya tsara shi, da mawaƙin in akwai. Kusa da takardar akwai lambar da aka zana a jikin faifan, ita ce masana ke bi su gano ranar da aka ɗauki sautin, domin ƙungiya ɗaya takan ɗauki kiɗa ɗaya sau da yawa. Shugaban makaɗa Juan D'Arienzo ya yi ta maimaita La Cumparsita, kiɗan da Gerardo Matos Rodríguez ɗan Yurugwai ya tsara, kuma ta 1937 da ta 1951 kamar ba mutum ɗaya ya jagorance su ba.

Wani dattijo daga cikin masu tebur ya kai ni shagonsa a wata lungu, ya zaunar da ni gaban na'urarsa. Abin da na gani a wurinsa shi ne dalilin wannan rubutu. Ya sa mini faifan shugaban makaɗa Aníbal Troilo na 1941, sannan ya sa wannan kiɗan dai a wani CD da aka fitar daga baya. A faifan ana jin ɗan "shhh" na allura, amma babban gogen tsaye yana nan daram, hannun hagun mai fiyano ma haka. A CD ɗin an share hayaniyar, an share ƙasan kiɗan tare da ita, aka kuma ƙara masa amsa-kuwwa kamar a cikin rijiya ake bugawa. Da yawa daga masu cewa tsohon tango siririn sauti gare shi, wannan suka ji. Laifin mai kwafa ne. Ga kuma babbar asara: a farkon shekarun 1960 an lalata yawancin uwayen faifan ƙarfe na kamfanin RCA Victor a Ajantina, don haka abin da aka fitar bayan nan daga irin waɗannan faifan kasuwa aka kwafo shi, wani da kulawa, wani da gaggawa.

Kurakuran da ake yi uku ne ko huɗu, ya nuna mini su ɗaya bayan ɗaya. Layin faifan 78 ya fi na LP, wato faifan roba na baya-baya, faɗi, yana buƙatar allura mai kaurin wajen kashi 3 cikin dubu na inci. Ta LP kashi 0.7 ce kawai, sai ta nutse ƙasan layin tana kwasar datti, hayaniya ta fi kiɗa. Na biyu gudun juyi. Tsofaffin injinan ba su tsaya cif a kan 78 ba, saboda haka masu gyara da kunne suke daidaitawa, suna bin sautin bandoniyon, wani kayan kiɗa mai zugazugi da maɓallai, wanda a wancan zamani aka fi ɗaure shi a kan karkarwa 435 a daƙiƙa. Wanda bai sani ba ya kai shi 440 ko 442 ya ƙara wa kiɗan gudu da kashi ɗaya da ɗoriya cikin ɗari. Daƙiƙa biyu ko uku ne a minti uku, amma muryar mawaƙi tana sirancewa, ƙafar mai rawa kuma tana ji. Na uku, ma'aunin daidaita sauti na RIAA da ke cikin amfilifayan yau sai 1954 aka tsayar da shi. Ka sa faifan 1941 a kansa, saman sautin ya dushe. Sai wanki. Sifirit narkar da shalak yake yi nan take. Tataccen ruwa, ɗigon sabulu, burushi mai laushi a bi da'irar layi, kada ruwa ya taɓa takarda, a jingine shi a tsaye ya kwana ya bushe.

Yawancin waɗannan ƙungiyoyi babu ganga ko ɗaya a cikinsu, abin da ke ba Bahaushe mamaki a ji na farko. Yawanci bandoniyon huɗu ne, gogen Turawa huɗu, fiyano ɗaya, babban gogen tsaye ɗaya, da mawaƙi ɗaya ko biyu. Fiyano da babban goge su ke riƙe taku. Kuma da yake gefen faifai minti uku yake ɗauka, duk fasahar cikin minti ukun nan aka dunƙule ta.

Ni da dattijon mun yini kan shugabannin ƙungiya huɗu. Juan D'Arienzo, da suke kira Sarkin Taku, shi ya dawo da mutane filin rawa bayan Rodolfo Biagi ya hau masa fiyano a 1935: sara ne gajere-gajere a kan kowane taku, da sauri, Biagi na cike giɓin da ɗan yatsa. Carlos Di Sarli, mutumin Bahía Blanca mai baƙin tabarau, shi da kansa ke kan fiyano. Goge ne a gaba wajensa, bandoniyon ba ya cika fitowa shi kaɗai, tafiyar kuma ta ƙasaita ce. Aníbal Troilo, da ake wa laƙabi da Pichuco, ya kafa tasa ƙungiyar a 1937, ya ɗauki gefe biyu kacal a Odeon a 1938, sai 1941 ya koma Victor. Faifansa na 1941 da 1942, da Orlando Goñi a fiyano da Francisco Fiorentino a waƙa, a ganina babu kamarsu a duk zamanin. Astor Piazzolla, wanda ya shahara daga baya, yana cikin layin masu bandoniyon a lokacin, ya tafi a 1944. Kafin irin su Fiorentino, mawaƙi amshi kawai yake shigowa ya yi ya koma. A wajen Troilo murya ta zama ɗaya daga cikin kayan kiɗan. Na huɗu Osvaldo Pugliese, wanda bai fara ɗaukar sauti ba sai 1943. A La Yumba ta 1946 taku na ɗaya da na uku suna faɗowa da nauyi, tsakaninsu ƙasan fiyano na gurnani, sai ya ja lokaci ya sake shi kamar mai jan zaren kifi. Ba kiɗan mai koyo ba ne.

Kashegari na hau layin B, wanda ke bin ƙarƙashin titin Corrientes. Na sauka a tashar Carlos Gardel na leƙa gidan da shi Gardel, fitaccen mawaƙin tango, ya zauna da mahaifiyarsa a titin Jean Jaurés, yanzu gidan tarihi ne. Gaba kaɗan akwai tashar Malabia mai ɗauke da sunan Pugliese, a unguwarsa ta Villa Crespo. Ɗan kwaminis ne, ƙungiyarsa ta haɗin gwiwa ce ana raba kuɗi da maki, kuma duk sa'ad da aka tsare shi, makaɗan sukan ɗora jan fure a kan fiyano su yi wasa ba shi. Tashar Federico Lacroze ita ce bakin maƙabartar Chacarita. Gardel, wanda ya mutu a haɗarin jirgi a Medellín a 1935, yana can, kuma na tarar an maƙala wa mutum-mutuminsa taba sigari a tsakanin yatsu tana hayaƙi. Troilo da Pugliese ma can suke.

A wannan unguwa na shiga shagon wani mai gyaran bandoniyon. Kayan Jamus ne. Wanda aka fi nema shi ne na Alfred Arnold daga Carlsfeld, da suke kira "doble A". Maɓalli 71 gare shi, 38 a dama, 33 a hagu, kusan kowanne sautinsa daban in an buɗe, daban in an rufe. Ya riƙe shi ta hannu ɗaya ya bar ɗaya gefen ya rataya: in zugazugin ya buɗe da sauri, iska na yoyo. Mai sha'awar saye ya sani, tun 2009 doka ta hana fitar da wanda ya haura shekara 40 daga ƙasar.

Dare ɗaya na zauna a gidan rawa don in ji yadda mai sa faifai ke jera su. Tango huɗu na ƙungiya ɗaya, kusan na shekaru ɗaya, sai ya sa gutsuren wani kiɗa daban a watse. Bayan jeri biyu na tango sai bals, wasu biyu sai milonga. Da aka sa Di Sarli na shekarun 1950 a tsakiyar na 1940, na ga wasu tsofaffi biyu sun dubi juna.

Faifai 24 na sayo, kusan kilo biyar. Kowanne a rigarsa ta takarda, kwali tsakanin kowane biyu, aka ɗaure su tamau a tsaye, suka shiga jakar hannu. A kwance nauyin na sama ke tsaga na ƙasa, cikin kayan da ake jefawa a gindin jirgi kuwa ba a magana. A Ezeiza ma'aikaciyar bincike ta sa na kwance ɗaurin, ta ɗaga ɗaya ta karanta takardar, ta ce kakanta ma D'Arienzo yake ji, ta taya ni mayar da kwalayen.