Jitar Abzin a Gonar Shanun Ingila

Mu huɗu muka je Glastonbury, babban bikin kiɗa da ake yi a Ingila, a ƙarshen watan Yunin 2024. Ni, da abokina ɗan Tawa da muke haya gida ɗaya a Birmingham, da wani ɗan Zariya mai karatun digiri na uku, sai Baturen da muke aiki tare, wanda shi ya sa mu a hanya. Ya je sau uku kafin nan, kuma duk lokacin da aka zauna shan shayi a wurin aiki sai ya kawo zancen. Ranar da ya ce a gonar shanu ake yin taron, ranar na fara sauraronsa da kyau.

Samun tikitin ma wani aiki ne. Sai ka yi rajista da hotonka tun da wuri, domin a jikin tikitin ake buga fuskarka, ba mai shiga da na wani. Wata Lahadi da safe cikin Nuwamban 2023 muka zauna mu huɗu, kowa da waya da kwamfuta, muna ta danna shafi ɗaya. Wayar ɗan Zariya ce ta buɗe, ya saya mana duka. Kafin awa guda ta cika an ce sun ƙare. A shekarar fam 355 ne kowane ɗaya, da fam 5 na ɗawainiya, ka ba da 75 kafin alƙalami, ka cika sauran a Afrilu. Kuɗin ya yi mini nauyi, sai da na yi ta karɓar aikin dare na ƙari kafin na haɗa.

Na yi ta saƙa da warwara kafin tafiyar, ba zan ɓoye ba. Na san akwai giya a wurin, akwai hayaƙin da ba na taba ba, akwai shigar da ba irin tamu ba, kuma duk na gan su da idona. Mu ukun nan muka yi magana tun a gida cewa salla ba za ta wuce mu ba, kuma duk wanda ya ɓace a haɗu a tanti. Matar yayan ɗan Zariya ta yi mana dambun nama da naman layya, don Babbar Salla ba ta fi kwana goma da wucewa ba. Na zuba garin kwaki da ƙuli-ƙuli a jaka, na rataya buta a bayanta.

Gonar sunanta Worthy Farm, kusa da wani ƙauye Pilton a yankin Somerset. Manomin, Michael Eavis, shi ya fara tara mutane a 1970, kuɗin shiga fam ɗaya har da kyautar madara, mutum wajen 1,500 suka zo. Yanzu 'yarsa Emily ke riƙe da ragamar, kuma mutanen da ke kwana a wurin sun haura 200,000. Bayan 'yan shekaru sukan tsallake shekara ɗaya ba a yi ba, a bar ƙasa ta huta, ciyawa ta dawo wa shanu. Wannan ya kwanta mini a rai, don haka kakana yake yi da gonarsa ta tudu.

Ranar Laraba muka sauka daga bas, rana na dukan mu, muka yi tafiyar kusan awa ɗaya da kaya a ka da kafaɗa. Baturen ya sa mun sayi takalman roba saboda taɓon da wurin ya yi suna da shi, amma a shekarar ƙura ce ta tarbe mu, irin ta ranar kasuwa da rani. Da muka hau tudu na waiga, sai na ga kwari guda ya cika da tantuna iya ganinka, ga tutoci, ga babban dandamalin nan mai siffar dalar Masar a tsakiya.

Makewayin wani dogon rami ne da aka jera ɗakunan ƙarfe a kansa, ba rufi, warinsa kuwa tun daga nesa yake yi maka sallama. A nan buta ta yi ranarta. Ruwa dai ba a rasa shi, famfuna ko'ina kyauta, kuma tun 2019 suka daina sayar da ruwa a gorar roba, kowa da tasa yake yawo. Wata safiya ina alwala a bakin famfo, irin wanda sai ka danna yake zuba, wata dattijuwa da ke bayana a layi ta miƙo hannu ta danne mini shi har na gama wanke ƙafa. Ba ta tambaye ni komai ba. Na yi godiya, ta cika gorarta ta wuce.

Rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, asuba kuma tana yi ne daidai lokacin da masu rawar dare ke komowa. A bayan tanti muke shimfiɗa darduma mu fuskanci kudu maso gabas, ɗan Zariya ya ja mu. Asubar Juma'a wasu samari suka taho suna tangaɗi za su gifta ta gabanmu, sai na ji ɗaya ya tsai da sauran da raɗa, suka kewaye ta baya.

Daren Juma'a yawancin jama'a suka nufi babban dandamali wurin mawaƙiya Dua Lipa, mu kuwa Baturen ya ja mu ɗaya dandamalin wurin Idles, wasu 'yan Bristol. Ya ce in rock muka zo ji, to ga shi nan. Ƙarar ba a kunne take tsayawa ba, a ƙirji kake jin ta. Gaba-gaba mutane na ta gwara kafaɗa da juna kamar ana dambe, amma da mutum ya faɗi sai ka ga hannaye biyar sun ɗaga shi. Ana cikin wata waƙa da suke yi don baƙi 'yan ci-rani sai ga wani kwalekwalen roba yana yawo a kan kawunan mutane, cike da mutum-mutumi sanye da rigunan ceto. Daga baya aka ji aikin Banksy ne, mai zanen nan da ke ɓoye fuskarsa, kuma ministan cikin gida na lokacin ya fito ya yi tir da abin. Jama'a na ihu, ɗan Tawa ya yi tsit. Da muka koma tanti ya ce mini, "Ɗan uwa, yara biyu na unguwarmu sun bi ta Agadas zuwa Libiya. Ɗaya ya kira daga Italiya. Ɗayan har yau uwarsa tana ajiye masa tuwo." Ba wanda ya ƙara magana a cikinmu daren nan.

Asabar da rana Femi Kuti ya hau babban dandamali, shekara 40 bayan mahaifinsa Fela ya yi wasa a wannan gona a 1984. Ɗan Zariya ya ɗaga tutar Najeriya da ya ɗaura a sandar kamun kifi, nan da nan wasu 'yan Legas suka gano mu, aka yi ta gaisawa kamar an san juna. Da dare mawaƙan Coldplay suka rufe, karo na biyar ke nan da suka zama manyan baƙin taron. An raba wa kowa abin hannu mai walƙiya, kwarin duka yana canza launi lokaci guda, suka kira Femi ya busa tare da su. Ya yi kyau ƙwarai, na ji daɗinsa, amma ba shi ya sa na zauna rubuta wannan ba.

A layinmu a Sakkwato, ina ɗan sakandare, akwai wani maigadi Ba'abzine. Kullum da yamma yana gindin darbejiya da ƙaramar butar shayi a kan gawayi, fuskarsa a naɗe da rawani, 'yar wayarsa tana fitar da wani kiɗan jita da muryar da na'ura ta sirantar. Irin waƙoƙin da ake turawa daga waya zuwa waya, ko ka ba masu tura waƙa a kasuwa memori su cika maka. Mu yara "kiɗan Buzaye" kawai muke ce masa mu wuce. Shi kansa mutumin Buzu muke kiransa. Ya yi shekaru yana tsare mana ƙofa, yana ba mu shayi in mun tsaya, ban taɓa tambayar sunansa na yanka ba. Wannan abu yana damuna har yau.

Sai a Birmingham, wata rana ɗan Tawa yana girki ya kunna wani tsohon faifai, na gane muryar nan take. Ya ce ai Mdou Moctar ne, ɗan jiharsu, daga wajen Cintabaraden. Sunansa Mahamadou Souleymane. Gidansu ba sa son kiɗa, don haka da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Abin da ya fi girgiza ni, faifansa na farko a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da irin salon waƙoƙin finafinan Hausa na lokacin. A garinmu aka yi shi, a layinmu ake kunna shi, ni kuma ina wucewa.

Ranar Lahadi da rana aka sa Mdou a bikin, a dandamalin da ake kira Park, can saman tudu kusa da wata doguwar hasumiya mai ƙyallaye. Tun da sauran lokaci muka je muka kama gaba. Suka fito su huɗu da manyan riguna da rawuna, uku 'yan Nijar, mai jitar bes ɗan Amurka. Mdou dogo ne, bahago, da hagu yake kaɗawa. Ya fara a hankali, sautin yana lanƙwasa kamar na gurmi ko molo, har ka ce hira yake yi. Sai mai ganga ya shigo da wani taku irin na raƙumi in ya fara sassarfa, kuma daga nan ba a sake sassautawa ba. Kowane zagaye ya fi na baya sauri. Yatsunsa suna hawa da sauka a wuyan jitar, wani lokaci ya bar kaɗawa ya riƙa dannawa da hannu biyu, ƙarar ta yi sama ta tsage kamar guɗa. Tsigar jikina ta tashi. Abin da Idles suka yi da ƙarfin ƙirji, shi ya yi shi da zafin hannu, kuma a kunnena nasa ya fi ratsa jiki.

Turawan da ke kewaye da mu suna tafi a kan bugu huɗu yadda suka saba, kiɗan kuwa a kan uku yake juyawa, sai tafin ya riƙa kuɓuce musu. Ɗan Tawa ya ɗaga hannuwa sama ya fara tafin gida, irin na bikin Abzinawa. Na bi shi, ɗan Zariya ya bi, Baturenmu ya kalli hannayenmu ya kama, kan ka ce kwabo 'yan kusa da mu sun ɗauka. Na juya in yi wa ɗan Tawa magana sai na ga hawaye na bin kuncinsa, bakinsa na bin waƙar. Yana jin Tamashek, harshen Abzinawa, kaɗan-kaɗan daga wajen kakarsa. Shi ya gaya mini cewa mutumin nan ba soyayya kaɗai yake rerawa ba. Yana waƙa a kan yuraniyom da ake haƙa a Arlit ana kaiwa Faransa alhali ƙauyuka na kwana cikin duhu, yana kuma yi wa 'yan uwansa faɗa kada su bar harshensu ya mutu a bakin 'ya'yansu. Lokacin juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ma su Mdou suna Amurka suna wasa, aka rufe iyakoki, suka daɗe ba su samu komawa gida ba.

Wani dattijo mai furfura da ke gefena, sanye da tsohuwar rigar wata ƙungiyar rock da ta koɗe, ya dafa ni bayan an gama ya tambaye ni ko daga ƙasarsu nake. Na ce maƙwabta ne, tsakanin garinmu da iyakarsu ba nisa. Ya ce tun yana saurayi yake bin masu jita, kuma ya daɗe bai ga hannu irin wannan ba. Na ji daɗin maganar, na kuma ji kunya, don shi ya taso takanas ya zo ya saurara, ni kuwa kyauta ake kunna mini a ƙofar gida.

Da yamma Ingila na buga ƙwallo da Sulobakiya a gasar Turai, ba a nuna a wurin ba, sai ka ga mutum goma sun duƙufa a kan waya ɗaya. Ihun da aka yi lokacin da Bellingham na Ingila ya farke a ƙarshen wasa ya zagaye gonar kamar gobarar daji. Burna Boy ya hau babban dandamali, muka tsaya daga baya muka kalla, ƙafafuna sun riga sun gaji.

Daren nan ɗan Tawa ya fito da 'yar butarsa ya dafa mana shayi a bakin tanti, ruwa uku yadda ake yi, na fari mai ɗaci, na ƙarshe mai zaƙi. Baturen ya shanye duka ukun. Da gari ya waye muka naɗe tanti, muka tsince shararmu har da ta maƙwabta, don shanu za su dawo wurin. A cikin bas na kira ƙanena a Sakkwato na ce ya je wurin mai unguwa ko tsofaffin layin ya tambayo mini sunan maigadin nan, da garin da ya koma. Ya ce, "Yaya, lafiya dai?" Na ce lafiya lau, ya dai tambayo.