Tambayar da 'yata ta yi min yau

Yau da la'asar 'yata ta dawo daga makaranta tana ta maimaita darasin da malamarsu ta yi musu: a 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da kundin 'yancin ɗan Adam, kuma sashe na 26 ya ce kowa yana da haƙƙin samun ilimi. Tana cikin karanta min sai ga yarinyar da ke kawo mana awara ta yi sallama, bokiti a ka, ƙafafunta fari fat da ƙura. Tsararta ce, ba za ta wuce shekara goma ba. 'Yata ta dube ta, ta juyo ta dube ni, ta ce, "Baba, ita ba ta cikin kowa ɗin ne?"

Wallahi kuɗin awarar na hannuna, amma na kasa miƙawa. Shekara biyu yarinyar nan tana shigowa gidanmu, ban taɓa tambayar ko ta taɓa zama a aji ba. Na sha jin a rediyo cewa ƙasashen duniya sun yi alkawari a 2015, zuwa 2030 kowane yaro, mace ko namiji, zai samu ilimi har ya san haƙƙinsa, amma bai taɓa tsaya min a rai ba sai yau. Da na tambaye ta, ta sunkuyar da kai ta ce tana aji biyu aka cire ta. Har yanzu muryarta na kunnena, kuma gobe in Allah ya kai mu ina so in je in ga mahaifinta.