Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kibiya ta Biyu

A makon jiya mun tsaya a ranar da aka dawo mana da takardunmu aka ce da saura. Ga wanda bai karanta ba: dokar dashen gaɓɓai ta Indiya, wadda aka kafa tun 1994, ba ta yarda a cire ƙodar wani a sa wa wani ba sai an tabbatar ba ciniki aka yi ba, kuma mu baƙi dole mu bi ta gaban kwamiti. Malam, maigidana, shi ne mai ciwon ƙodar, ƙaninsa ne kuma zai ba shi tasa, uwa ɗaya uba ɗaya, amma sai an ga hakan a rubuce. Takarda guda ce ba ta cika ba, a kanta zaman sati uku da muka ƙiyasta a Chennai ya miƙe ba ranar ƙarewa.

Litinin, Laraba da Juma'a Malam yake shiga wankin ƙoda, awa huɗu kowane zuwa. Ba a barin 'yan jinya ciki. Akwai wani dogon baranda a bakin ɗakin da aka jera kujerun roba, nan muke zama. Watan Nuwamba ne, lokacin da ruwa ke sauka a garin kamar da bakin ƙwarya. Mu taso daga masauki a cikin a-daidaita-sahu irin namu na Kano, mu iso da jiƙaƙƙen gefen zani. Da an shige da shi an tura ƙofa sai in fito da waya in hau lissafi: kuɗin ɗaki, kuɗin wanki, abin da ya rage na filin da muka sayar. In na gama lissafin kuɗi sai in shiga na laifi. Shekara nawa yana kukan ciwon kai ina miƙa masa farasitamol? Sau nawa ya ajiye maganin hawan jini ya koma jiƙe-jiƙe, ina gani na yi shiru don kada danginsa su ce na fiya baki? Haka zan yi ta juya abin har a turo shi waje a keken marasa lafiya, ni da ba a taɓa jinina ba na fi shi galabaita.

A kujerar ƙarshe kusa da taga akwai wata tsohuwa. Siririya ce, gashinta fari fat a ɗaure a ƙeya. Takan cire silifas ta tura su ƙarƙashin kujera, ta miƙe baya, ta ɗora hannun dama a kan na hagu a cinya, ta sauke ido. Kwana da kwanaki na ɗauka gyangyaɗi take yi. Sai dai mai gyangyaɗi kansa yana rangaji, ita kuwa ko gezau. Ɗanta ne ke ciki, ciwo ɗaya da na Malam. Daga Sri Lanka suka zo, wani ƙauye kusa da Kandi, inda ta ƙare aikinta tana koyar da Turanci a makarantar 'yan mata. Ma'aikatan jinya na kiranta Amma, wato uwa a harshensu da nata. A bakinmu kalmar nan tana da wani aikin, sai na riƙa ce mata Inna. Ita kuma ta ce mini duwa, wato 'yata.

Ranar da muka fara magana kuka nake yi a cikin hijabi, a zatona ba mai gani. Sai na ji an taɓa gwiwata. Ta zuba mini baƙin shayi a murfin filas, ta haɗa da wani ɗan dunƙule mai kama da mazarƙwaila, sai dai nasu da ruwan wata bishiya dangin giginya ake yinsa. Ta ce in gutsura in kurɓa. Ba ta tambaye ni komai ba sai da na shanye. Daga nan ban san yadda aka yi ba na zazzage mata komai, har da maganar jiƙe-jiƙen da ko mahaifiyata ban faɗa wa ba.

Da na gama ta ce, "Duwa, kibiya nawa ce a jikinki?"

Na ce ban gane ba.

Ta ce a cikin koyarwar Buddha, wanda addininsa take bi, akwai misalin mutumin da aka harba da kibiya. Zafin da ya ji na gaske ne, ba yadda zai yi da shi. Amma sai ya hau kuka da bugun ƙirji, yana me ya sa ni, yana ina ma da, har ya zama kamar an ƙara masa kibiya ta biyu a kan ramin ta farko. Wanda ya horar da zuciyarsa shi ma ana harbinsa, shi ma yana jin zafi, amma kibiya ɗaya yake ɗauka. Ta ce, "Mijinki ba shi da lafiya, kuɗinku na ƙarewa, kina nesa da 'ya'yanki. Wannan ita ce ta farko, kuma babba ce. Ta biyun kuwa tun da kika zauna a nan nake kallon hannunki a kanta."

Maganar ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma a daren, ina kwance, hadisin nan da ke cikin Sahihu Muslim ya faɗo mini, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mu cewa "da na yi kaza da kaza ya faru", domin kalmar "da" tana buɗe ƙofar aikin Shaiɗan. Tun ina Islamiyya na haddace shi. Kuma tun muna yara ake ce mana da-na-sani ƙeya ce. Na san magana, ban san yadda ake sakin kibiyar ba.

Ranar Laraba na tambaye ta me take yi in ta sauke ido. Ta ce numfashinta take kallo, suna kiran abin anapanasati. Ta nuna mini. Ki zauna ki miƙe baya ba tare da kin sandare ba. Ki kai hankalinki bakin hanci, inda iska ke gogar fata in za ta shiga da in za ta fita. Kada ki ja ta, kada ki tura ta. In numfashin ya zo dogo ki san dogo ne, in ya zo gajere ki san gajere ne. In kina so ki ƙirga, daga ɗaya zuwa goma, ki sake daga farko.

Na gwada. Wallahi ban kai uku ba na tsinci kaina a Kano, a tsakar gidanmu, ina faɗa da uwar miji a kan maganar da aka yi shekara biyu baya. Na buɗe ido na ce mata ba zan iya ba. Ta ce ai na riga na iya, domin lokacin da na farga cewa na tafi, wannan farkawar ita ce aikin. Wannan farkawar suna ce mata sati, ba satinmu na kwana bakwai ba, kuma asalin kalmar tunawa take nufi. Zuciya za ta gudu sau ɗari, ki dawo da ita sau ɗari, ba zagi ba tsawa. Ta ce abubuwa biyar ne ke tare mai wannan zama: kwaɗayi, ƙullaci, kasala da gyangyaɗi, shakka, sai rashin natsuwa haɗe da nadamar abin da ya wuce. Da ta ambaci na ƙarshen sai ta dube ni ta yi murmushi.

Ni kuma da na kama abu ban san sassauci ba. Kwana biyu ina matse ido ina cije haƙori don kada tunani ya shigo, har kaina ya yi ciwo. Sai ta ba ni labarin wani almajirin Buddha mai suna Sona, wanda ya takura wa kansa da tafiyar ibada har tafin ƙafarsa ya fashe da jini. Kafin ya bar gida makaɗin molo ne, irin nasu. Malaminsa ya tambaye shi ko molo na ba da sauti in an ɗaure tsirkiya ta yi tauri da yawa, ko in an bar ta sako-sako. Ya ce a'a, sai in ta zauna daidai. Duk wanda ya taɓa ganin mai gurmi yana murɗa tsirkiya yana saurare ya san abin da ake nufi. Na sassauta.

A zaman barandan nan, kaɗan-kaɗan, na ji tarihin mutumin da take bi. Sunansa Siddhattha Gotama, ɗan gidan sarautar Sakya, an haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nefal ta yau, wajen shekara 2,500 da suka wuce. Yana ɗan shekara 29 ya ga tsoho, ya ga majiyyaci, ya ga gawa, ya bar gida. Shekara shida yana azabtar da jikinsa da yunwa har ya kusa mutuwa, kafin ya yarda cewa ba hanya ba ce, ya ci abinci, ya zauna a gindin wata bishiya a Bodh Gaya. A nan suka ce ya farka, yana da shekara 35, kuma ma'anar Buddha ke nan, farkakke. Ya yi shekara 45 yana koyarwa, ya rasu yana da 80. Inna ta ce reshen bishiyar nan 'yar sarki Asoka, Sanghamitta, ta kai ƙasarsu tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma har gobe tana nan a Anuradhapura. Ta je gindinta da ɗanta kafin su taso.

Wa'azinsa na farko, a Sarnath kusa da Banaras, ga mutum biyar, ta ce tsarin likita gare shi. Ga cuta: rayuwa ba ta rabuwa da wahala, ga tsufa, ga ciwo, ga rabuwa da masoyi. Ga sanadi: tanha, wato ƙishirwa, ba ta maƙogwaro ba, ta zuciyar da ke so abin daɗi ya dawwama, abin ƙi ya gushe yanzu-yanzu. Ga albishir cewa ana warkewa. Ga magani: tafarki mai rassa takwas, waɗanda suke tarawa gida uku, kyawun hali, natsuwar zuciya da hikima. Ta nanata mini cewa kallon numfashi ba ya tsayawa shi kaɗai. Mai yin ƙarya da rana ba zai samu natsuwa da dare ba. Shi ya sa kowane mabiyi ke ɗaukar alkawari biyar: ba kisa, ba sata, ba zina, ba ƙarya, ba maye.

Ƙanin Malam ya ga zamanmu ya yi yawa, ya ja ni gefe ya ce, "Anti, ki yi hattara da addinin mutanen nan." Na gode masa, don gaskiya ya faɗa, kuma ni ma ina da tambayar da ke cina. Ranar Juma'a na ce, "Inna, in kin zauna haka, wa kike roƙo ya ba ɗanki lafiya?"

Ta yi shiru kafin ta ce ba roƙo take yi ba. Buddha mutum ne, ya nuna hanya ya mutu. A koyarwarsa babu Mahalicci da ake kai wa kuka. Sun yarda mutum na mutuwa ya sake haihuwa, ya sake, gwargwadon aikinsa, har sai wutar kwaɗayi da ƙiyayya da ruɗu ta mutu a zuciyarsa. Mutuwar wutar nan ita ce Nibbana. Ta ce abin da take yi wa ɗanta shi ne ta cika zuciyarta da fatan alheri gare shi, sannan ga duk wanda ke kwance a ɗakin, har da Malam.

Na ji zuciyata ta yi nauyi. Na ce mata ni ina da Ubangiji, Shi ya halicce ni, Shi ya saukar da cutar, a hannunSa waraka take, kuma gare Shi za mu koma sau ɗaya. Na ce numfashin da ta koya mini kallo, ni duk wanda ya shiga kyauta nake ganinsa daga Wanda ya ba ni. Kalmarta tunawa ce, zikirinmu ma tunawa ne, amma ita lokacin da take ciki take tunawa, ni kuwa Mai lokacin. Ta saurare ni har ƙarshe. Ba ta matsa ba, ban matsa ba. Ba ta taɓa cewa in rusuna wa ɗan hoton da ke cikin jakarta ba, ban taɓa furta kalma ɗaya ta karatunsu ba. Da la'asar ta yi, ita ce ta ɗauke jakarta daga lungun taga don in samu wurin shimfiɗa sallaya.

A sallar nan na ga abin da ya ba ni tsoro. Na kabbara, kafin in kai ƙarshen Fatiha na yi lissafin kuɗin ɗaki sau biyu. Ashe shekara da shekaru haka nake tsayuwa gaban Allah, jiki a alƙibla, zuciya a kasuwa, ban ma san na tafi ba. Yanzu na fara sani. In ta gudu sai in kamo ta in dawo da ita kan ayar da ke bakina, ba zagi ba tsawa.

Daren Lahadi shi ne mafi tsanani ga mai wankin ƙoda irin Malam, kwana biyu ke nan ba a taɓa jininsa ba. Likita ya ƙayyade masa ruwan da zai sha a yini, abin da bai cika ƙaramar gora ba, kuma ya ƙare tun magariba. Ƙarfe biyu na dare na ji yana haɗiyar yawun da babu. A da, da na ji haka sai in tashi in hau zirga-zirga, ina waya gida, ina kuka a banɗaki. Ranar na ɗauko ƙanƙara guda, na naɗe ta a bakin mayafi, na zauna a gefen gadon ina goga masa a leɓe. Ƙafafunsa sun kumbura, numfashinsa na fita da ɗan kurari. Tunanin gobe ya zo, na gan shi, na mayar da idona kan ɗigon ruwan da ke gangarowa gefen bakinsa. Na jiƙe-jiƙen ma ya zo. Na share ɗigon da yatsa, ina karanta masa Ayatul Kursiyyu a hankali.

Can ya buɗe ido ya ce, "Hajiya, yau kina nan."

Na ce, "Malam, ina zan je?"

Ya ce, "Kin daɗe ba kya nan." Ya riƙe hannuna har barci ya ɗauke shi.

Na ƙagu gari ya waye in ba Inna labari. Na dafa mata shayi irin namu, da citta da kanumfari, na zuba a filas ɗinmu. Da muka isa aka shige da Malam, na nufi kujerar taga. Ba kowa a kai, ba silifas a ƙarƙashi. Na jira rabin awa, sannan na tare wata ma'aikaciyar jinya. Ta ce da tsakar dare aka kawo ɗan Amma a rikice, yana sashen kulawa ta musamman a hawa na uku. Na rungumi filas ɗin na bi matakala, ban tsaya jiran lif ba.

Abin da na tarar a can, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.